Ƙyallen Wuyan Akuya

Ranar Talata da hantsi masu tafiya gona suka tsinci ƙanena Misbahu a cikin kwalbati, a bakin hanyar da ta fita daga Aujara. Babur ɗinsa yana gefe ya ƙone ƙurmus. Kular da yake zuba maganin rigakafin dabbobi an farfasa ta, kwalabe sun watse a cikin yashi. An karya masa hannun dama, an fasa masa kai. Da 'yan sanda suka zo, garin da ake jin tarin maƙwabci ta katanga ya koma babu wanda ya ji komai, babu wanda ya ga komai.

Ni sunana Ikilima Barau. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mai bin sawu ne. In an sace sa ko jaki, shi ake ɗaukowa ya duƙa ya karanta ƙasa. Ni kuma sai Allah ya ɗora mini irin wahalarsa ta wata hanya. Shekara shida ke nan ina aiki da wata ƙaramar cibiyar bincike a Dutse, muna bin sawun labaran ƙarya da ke yawo a wayoyi: daga ina suka taso, wace ƙasa suka ratsa, wa ya sauya musu riga a hanya. Aiki ne mai cin ido da cin rai. Ka gama bin guda, ka rubuta rahoto, waɗanda suka ba da aikin su yi godiya, kafin ka rufe kwamfuta goma sun fito. Na daɗe da gajiya da shi, abinci ne kawai ya hana ni ajiyewa.

A asibitin Jahun na sami Misbahu, kai a naɗe, ido ɗaya a kumbure. Matarsa Luba tana zaune a ƙasa da goyo, ta yi kukan har ya ƙare mata. Shi malamin dabbobi ne. Mako biyu da suka wuce ya bi gida-gida yana yi wa awaki da tumakin Aujara allura, kamar yadda ya saba duk kaka.

"Yaya Ikilima, dagaci ya aiko," in ji Luba. "Wai mu kwashe kayanmu kafin Juma'a. Ya ce in aka sauko daga masallaci ba zai iya tare samari ba, sun rantse sai sun sa wa gidan wuta."

Gidan da take magana shi ne wanda Baba ya gina da hannunsa, a can aka binne cibiyarmu duka. Na ce ta nuna mini abin da ya jawo haka. Ta miƙo waya.

Bidiyo ne na minti ɗaya da 'yan kai. Farkonsa tumaki ne matattu jibge a fili, sun fi ɗari biyu. Daga nan sai hoton awaki uku kwance a turke, cikinsu ya kumbura. Sai hoton Misbahu riƙe da kularsa yana murmushi, wanda aka ɗauka ranar da aka fara rigakafin. A kan duka muryar wani namiji ce mai Hausar Damagaram, yana ta rantsuwa cewa an ba wani Misbahu na Aujara kwangilar ƙarar da dabbobin talakawa, duk wanda ya ji ya tura wa ɗan'uwansa.

"Misbahu, ka san awakin nan?" na tambaye shi.

Ya daɗe yana kallon hoton da idonsa mai lafiya. "Awaki ai duk kamarsu ɗaya, Yaya."

Wannan fa mutum ne da ke hango akuya daga nesa ya faɗi gidansu har da uwarta. Na ɗauka ciwon kai ne ya yi magana, na ƙyale shi.

*

A ƙofar asibitin na tura wa Khaulat bidiyon. Abokiyar aikina ce a Injamena ta ƙasar Chadi. Ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma ta san ciwon bayana, ni ma na san nata. Kafin motar Aujara ta cika ta kira.

"Tumakin nan tsofaffin abokanmu ne," ta ce. "Shekara bakwai da mutuwarsu. Ƙanƙara ce ta kashe su a wata ƙasa mai duwatsu can gabas. Na gan su a Sudan an ce guba aka zuba a rijiya. Na gan su a nan an ce aikin baƙin sojoji ne. Duk iyakar da suka tsallaka sai a cire musu tsohuwar murya a sa sabuwa. Na gaji da ganinsu, wallahi."

"Awakin fa?"

"Su ne ban sani ba. Na duba ko'ina, ba su da tarihi. Kwana goma da suka wuce babu hoton nan a duniya."

*

Baba ba ya fara bin sawu gaba. Baya yake komawa tukuna, ya ga inda dabbar ta kwana. Haka na yi ranar Laraba. Na bi ƙofa-ƙofa da littafi da biro, tambayata biyu kacal: wa ya turo maka, kuma awakin wa suka mutu.

Ta farko wasu sun amsa, ganin 'yar Barau ce. Ta biyu babu wanda ya amsa. Kowa ya san an yi asara, amma a unguwar gaba. Ka je unguwar gaba su nuna maka wadda ka baro. Wata mata da awakinta shida ke tsalle a tsakar gida ta ce mini allurar sannu a hankali take ci, na jira na gani. Ban ja da ita ba, rana ta yi zafi, ƙafata kuma ta fara kumbura.

Sunan da aka fi raɗa mini shi ne Yahuza, mai sayar da maganin dabbobi a bakin kasuwa. Sun taɓa yin kaca-kaca da Misbahu a kan magungunan da yake shanyawa a rana. Na same shi yana korar ƙuda da kwali.

"Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, na tura," ya ce. "Guruf goma sha ɗaya na tura wa. Ƙaninki ya kashe mini kasuwa, mutum ya zo sayen magani sai ya ce wai malamin dabbobi ya hana. Amma in haɗa bidiyo? Ni da ko lamba sai an ajiye mini?"

Ya ba ni wayar na duba. Ranar Lahadi ya samu, kwana biyu bayan rabin gari sun gama kallo. Mugun nufi yana da shi, amma a ƙarshen layi yake.

Daga nan sai Malam Habibullahi, wanda ya karantar da mu duka a zaurensa, wanda kuma aka ce ya yi maganar bayan sallar la'asar. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, daga ina saƙon ya zo muku?"

"Wani ɗalibina ne da ke fatauci a Agadas." Ya murza carbi. "Na ce a yi hattara, Ikilima. Ban ce a taɓa kowa ba. Misbahu ɗana ne, a nan ya haddace izu goma."

"Kun aika an tambaye shi?"

"Ban aika ba." Ya sunkuyar da kai. "Da a garin nan na ji, da na ce hassada ce. To abu ne da har a Nijar an sani. Wa ya san Aujara a Agadas, in ba gaskiya ba ce ta kai sunan?"

Wannan maganar na ji ta a bakin mutum ya fi ashirin a ranar. Ba tumakin ne suka kama mutane ba, baƙuwar muryar ce. Sun ji sunan garinsu a bakin wanda bai taɓa shan ruwansa ba, sai suka ce ai ba shi da dalilin yi musu ƙarya.

Na ƙarshe shi ne Jaji mai caji, mutum mai furfura a gemu da ya shekara goma sha biyar a rumfa ɗaya. Wayoyin gari a gabansa suke kwana. Shi ke tura wa mutane fim da wa'azi a memori, shi kuma ke aika wa tsofaffin da ba su da babbar waya saƙon murya zuwa ga 'ya'yansu na birni.

"Ni caji nake yi, Hajiya, ba na shiga abin da babu ruwana," ya ce tun kafin in zauna.

Na buɗe hoton awakin na ajiye a gabansa. Duk wanda na nuna wa a ranar sai ya kusanto da ido, ya buɗa hoton da yatsa, ya yi tsaki ko salati. Jaji kifa wayar ya yi, ya turo mini ita, ya ci gaba da warware wata igiyar caji da ba ta harɗe ba. Na lura, amma ba a kama mutum don ya ƙi kallon matacciyar akuya.

Da yamma na zauna a dakalin gidanmu na haɗa abin da na rubuta. Duk layin da na ja daga waya zuwa waya, in na bi shi baya, fita yake daga garin ya tsaya a kan lambobi uku na Nijar. Shugaban cibiyarmu da na gaya masa har muryarsa ta washe. Ya ce irin abin da ake nema ke nan, hannun ƙetare, in rubuta da sauri. Ni kuwa ina kallon Luba da ta dawo daga asibiti tana ɗaure tukwane a cikin zane. Ba zan iya kai lambar Nijar gaban dagaci in ce ga mai laifi ba. Na hau motar Dutse da baƙin ciki, ban ma yi wa kowa sallama ba.

*

Safiyar Alhamis a gidana na unguwar Takur a Dutse na rasa abin yi, sai na hau wanki. Hoton awakin yana buɗe a kwamfuta a kan tabarma, na faɗaɗa shi har ya cika fuskar, ina wanki ina waiwayensa. Ƙasar wurin an share ta, babu sawun da za a karanta. Turken na kowa ne, igiyar ta kowa ce. Sai dai kowace akuya akwai ɗan ƙyalle ɗaure a wuyanta, yadda matanmu ke yi in sun ba da kiwo a ƙauye: mai dabba ta yago bakin zanenta ta ɗaura, don kada nata su ɓace a cikin na wasu. Ƙyallen kore ne da zanen mafici ruwan goro.

Na matse wani zane zan shanya, sai na tsaya da shi a hannu. Kore ne, da mafici ruwan goro. Ankon bikin 'yar Hajiya Safa ne, maƙwabciyarmu ta bayan layi, wanda aka tilasta mana saya shekara biyu da suka wuce. Atamfar daga Kano aka yo odarta, iya matan layinmu da dangin amarya. A cikinmu kuwa mutum biyu ne kawai ke da tushe a Aujara, ni da Hajiya Safa.

Ko hannu ban tsane ba na zura hijabi.

*

Hajiya Safa mace ce mai faɗa da kyauta, duka biyun ba ta yin su da wasa. Na nuna mata hoton ba tare da bidiyon ba.

"Awakina ne! Allah ya isa tsakanina da mai allurar nan." Sai ta tuna da wa take magana, ta kama baki. "Ikilima, ki yi haƙuri, amma gaskiya ce. Ga saƙon nan ma."

Ta lalubo shi. Daga wayar Jaji ya zo, kwana goma sha ɗaya da suka wuce: hoton, sai murya ta daƙiƙa ashirin. Muryar tsohuwa ce. Na gane ta tun daga sallama. Iya Adama ce, wadda ta yi wa mahaifiyarmu wankan jegon Misbahu. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, kiwon awakin mutanen birni ne abincinta: in akuya ta haihu biyu, ɗaya nata. Tana cewa Hajiya ta yi haƙuri, tun da Misbahu ya yi musu allura ba su ƙara lafiya ba, yau sun mutu.

"Wa kika tura wa, Hajiya?"

"Ba kowa. Ni ba na yaɗa magana." Ta ɗan yi tunani. "Sai Fa'izu ƙanena da ke Damagaram, don ɗaya tasa ce. Shi kuma ya ce zai sa a guruf ɗinsu na 'yan kasuwar dabbobi, a ja kunnen mutane."

Na nuna mata cikakken bidiyon. Ashe sau uku ana turo mata shi, har ta ce a ranta ga shi nan, ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Ba ta taɓa kallonsa har tsakiya ba balle ta ga awakinta.

Sawun ya fito ke nan. Maganar ta bar Aujara a muryar tsohuwa, don kunne ɗaya tak. Ta kwana a Takur, ta tsallaka Damagaram. A can wani da ba za mu taɓa sani ba ya ɗinka mata tumakin da suka shekara bakwai suna yawo, ya samo hoton Misbahu, ya cire muryar tsohuwar ya sa tasa. Bayan kwana biyar ta dawo gida, babu wanda ya gane ta.

*

Na isa gidan Iya Adama bayan azahar. Turken yana nan, babu komai a kansa. Ta gaya wa maƙwabta Hajiya ce ta aiko aka kwashe awakin. Bayan dangarta gonar dawa ce da aka girbe, kuma ruwan da aka yi na ƙarshe ya sa gyauro ya tsiro a gindin kara, kore shar. Duk mai kiwo ya san ɗanyen tohon nan yana kashe dabba. Wajen da ke kusa da dangar an yanke shi da lauje.

Tana ganina ta zauna a ƙasa.

"Iya, ba faɗa na zo yi ba," na ce.

"Gwiwata ce, Ikilima." Ta fara kuka mara sauti. "Ba na iya zuwa fadama yankan ciyawa. Na ga ɗanyen abu a bayan ɗaki, na ce ɗan kaɗan ba zai yi komai ba. Shekara arba'in ina kiwo, na sani sarai. Kafin la'asar sun kumbura. In aka ji Adama ta ba awakin amana gyauro da hannunta, wa zai ƙara ba ni ko kaza? Na je wurin Jaji ya zo ya ɗauki hoto, na rasa abin da zan ce wa Hajiya, sai allurar ta zo bakina. Ita kaɗai na gaya wa. Wallahi ita kaɗai."

"Da aka fara maganar a gari fa?"

"Na ji muryar wani ƙato daga Nijar, na ce to ko dai da gaske allurar ce? Har na ɗan ji sanyi." Ta share hanci da bakin zane. "Misbahu ya sani. Shi na fara kira da suka kwanta, ya zo da gudu, ya ce gyauro ne, an makara. Shi ya haƙa ramin da muka binne su. Na ce ya rufa mini asiri, ya ce ya rufa. Bai san abin da na je na faɗa a bayansa ba."

Na zauna kusa da ita. Wato yana kwance a kwalbati ana dukansa, da sunanta a bakinsa, bai furta ba. Haushinsa ya kama ni, tausayinsa ya kama ni, na rasa wanda zan fara ji.

"Zan roƙi dagaci, gobe da safe a taru a ƙofarsa," na ce. "Ba zan kira sunanki ba, Iya. Amma in babu suna, ba za su yarda ba, gidan Baba kuma zai ci wuta."

Na tashi na yi mata sallama.

*

Hanyar wanke Misbahu a fili take, aikina ne, na san ta. A ɗauki Iya Adama a waya tana faɗin gaskiya da bakinta, a saki bidiyon ya bi hanyar da ƙaryar ta bi. Amma na kuma san abin da ke samun fuskar tsohuwa mai kuka in ta tsallaka iyaka. Za a cire muryarta a sa wata. A wata ƙasa za ta zama mayya, a wata mai sa wa yara guba, kuma wata rana za ta dawo Aujara a haka.

Da hantsin Juma'a aka taru. Dagaci a kan kujera, Malam Habibullahi a gefensa, Yahuza da Jaji a tabarma ɗaya suna harare-harare, samari a tsaye a baya, mata a bayan zana. Na ari babban faranti a cikin gida.

"Ranka ya daɗe, ina da roƙo. Kowa ya sa wayarsa a nan har a tashi."

Aka yi gunaguni. Na sa tawa ta farko. Malam ya sa tasa, sai sauran suka bi. Waya talatin da huɗu, aka rufe da kwando, dagaci ya ɗora ƙafa a gefen.

Na faɗi tarihin tumakin. Na ce wa Yahuza ya ji daɗi ya tura, amma ba shi ya fara ba. Na ce Malam ya gaskata baƙo ne don baƙo ne. Sannan na ɗaga zanena kore, na ɗaga hoton da na buga a takarda, na ce awakin nan a garin nan suka mutu, ba allura ce ta kashe su ba, kuma hoton da wayar wani da ke zaune a nan aka ɗauke shi.

Jaji ya share gumi. "Aike ni aka yi, ranka ya daɗe. Sana'ata ce. Abin da tsohuwa ta faɗa a rumfata ba na kai shi gaba."

"Wace tsohuwa?" wani saurayi ya ɗaga murya daga baya. "A faɗi suna! In babu suna, 'yar'uwarsa ce kawai take kare shi!"

Aka ɗauki hayaniya. Dagaci ya dube ni, na dubi ƙasa. Na yi alkawari, kuma a lokacin na ji ina ƙin alkawarin kamar in mutu.

"Sunana ne."

Daga bayan zana muryar ta fito. Ba ta da ƙarfi, sai da aka yi ta cewa a yi shiru.

"Ni ce Adama. Awakin Hajiya Safa ne, gyauro na ba su. Yaron nan shi ya taya ni binnewa, suna bayan ɗakina, mai so ya je ya tona. Ni na yi masa ƙarya. Ni na yi masa wanka ranar da aka haife shi, ni kuma na yi masa wannan."

Babu wanda ya je tonawa. Malam ya rufe fuska da hannun riga. Waɗanda suka daki Misbahu suna cikin samarin nan, na san su, sun san na san su, ɗaya bayan ɗaya suka zame. Dagaci ya ce zancensu yana hannun hukuma, gidan Barau kuwa duk wanda ya taɓa shi da shi yake yi. Malam ya ce shi zai faɗa da bakinsa bayan an idar da salla, kuma ya faɗa, bai kira sunan kowa ba sai nasa. Kafin magariba matan unguwa sun taya Luba kwance tukwanenta, wasu har da kawo tuwo.

*

Ranar Litinin aka sallami Misbahu. Na ba shi labari tun a kan gado. Bai yi murna yadda na zata ba, abin da ya fara tambaya shi ne ko an ɗauki Iya a waya. Na ce ba a ɗauka ba. Ya ce to madalla.

Muka tari adaidaita sahu a ƙofar asibiti zuwa tasha, ni da jakarsa, shi da hannu a rataye. Ba mu yi nisa ba na ga direban yana ta kallon madubi. Ya rage gudu, ya ciro waya, ya duba, ya sake kallon madubi. Sai ya gangara gefen titi ya kashe inji.

"Ku sauka."

"Malam, lafiya?" na ce.

"Ba wannan ne mai allurar Aujara ba? Ni uwata da awaki take ci. Ku sauka tun ina ganin mutuncinki."

Na fara yi masa bayani. Na gaya masa tumakin na wata ƙasa ne, na gaya masa an zauna gaban dagaci ranar Juma'a, mai awakin ta amsa da bakinta, an wanke shi tas. Ya saurare ni har na gama, ba shi da rashin kunya.

"To ina bidiyon?" ya ce. "Nuna mini in gani."

"Babu."

"Taro guda, a wannan zamanin, a ce babu wanda ya ɗauka?" Ya girgiza kai. "Hajiya, ni ga nawa a hannu."

Muka sauka. Ya tayar da inji ya tafi, yana waiwaye. A tsallaken titi akwai masu shayi da 'yan acaba, biyu daga cikinsu sun fara nuno mu, ɗaya yana laluben aljihu. Aujara ce kawai ta ji, mutum talatin da huɗu da waɗanda suka gaya wa. Daga nan har Agadas, kowace kasuwa da ƙanena zai shiga da kularsa, fuskarsa ta riga shi zuwa, kuma ni na rufe wayoyin da kwando.

"Yaya," Misbahu ya ce a hankali, "akwai gyale a jakarki?"

Na ciro na ba shi. Da hannu ɗaya ya kasa naɗawa. Ni na rufe masa fuskar, na bar masa ido, muka tsaya jiran wata.